Kowace matsalar salula da ƙofar da ake kai ta

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Yamai ko Katako zai ga teburin mai gyaran salula cike da jama'a. Wata allon wayarta ya fashe, wata kuwa ta tura jaka goma zuwa Maradi amma kuɗin ba su isa ba. Dukkansu wurin yaro guda suke nufa, wai ai shi ne "mai ilimin waya". Mu ma a gidan rediyo irin waɗannan tambayoyi ake bugo mana a cakuɗe.

To, ƴan uwa, kowa da gonarsa. Mai gyara aikinsa jikin waya ne: allo, batir, bakin caji, lasifika. Idan rezo ya ɗauke a unguwa baki ɗaya, kada a biya kowa ya buɗe waya, matsalar tana wurin kamfani ko wutar da eriyarsa ke aiki da ita. Mun ga haka bayan da Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agusta na 2023, wadda ba ta dawo ba sai Maris na 2024.

Maganar kuɗi ita ce mai zafi. Kuɗin da suka maƙale ba cikin wayar suke ba, suna cikin kwamfutocin kamfani, kuma ma'aikatansa kaɗai ke iya ganinsu. Mai gyara ko ya kai wane ƙwarewa ba ya da hanyar shiga can. Ke da kika tura, adana saƙon da ya shigo miki, domin lambar da ke cikinsa ita ce shaidarki. Kai shi ofishin Airtel, Moov ko Zamani, wanda shi ne tsohon Orange da aka sayar a 2019. In ta Nita ko Al Izza kika aika, takardar da aka ba ki za ki riƙe ki koma wurinsu. In kamfanin waya ya ƙi saurara, akwai hukumar ARCEP mai sa ido a kansu.

Tambaya guda ce ba ta da ƙofa ko kaɗan: "Mece ce lambarki ta sirri?" Mai gyara ba ya buƙatarta don sauya allo. Mai shagon tura kuɗi ma miƙo miki wayar ya kamata ya yi ki danna da hannunki. Wanda kuwa ya bugo da sunan kamfani yana nemanta, kashe wayar kawai, Hajiya.