Shin Ko Kun San? Kuɗin Barbarar Ingarma, Daga Turken Indabo Zuwa Bargar Dubawi

Ina yaro a Indabo, akwai wani dattijo a unguwarmu mai ingarma akawal, baƙi wuluk, wanda ba ya yarda kowa ya ba shi dusa da kanwa sai shi da hannunsa. Lokaci lokaci sai ka ga baƙo ya jawo goɗiya da ragama tun da sanyin safiya, ya tsuguna a zaure, a gaisa, ya ce, "Baba, alfarma na zo nema." A kore mu yara, a zaga da goɗiya bayan gida. In an gama, baƙo ya ajiye goro da damin dawa, dattijo ya ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu. To ku riƙe wannan zaure a ranku, mu leƙa wata duniya.

Shin ko kun san cewa a shekarar 2024, wanda ke son ingarman nan Dubawi ya hau goɗiyarsa sai ya biya fam 350,000? A canjin ƙarshen waccan shekara, kuɗin ya tasam ma naira miliyan 700. Ba dokin aka sayar maka ba, barbara kawai ka biya. Ku ƙiyasta bijimai nawa za a kora daga karar Wudil ranar Juma'a kafin a haɗa wannan kuɗi. Dubawi na Sarkin Dubai ne, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, yana tsaye a gandun dawakinsa da ke Newmarket a Ingila. Ubansa, Dubai Millennium, shekara ɗaya tak ya yi yana barbara ciwo ya kashe shi a 2001, ya bar 'ya'ya 56, cikinsu har da wannan da ya gaje shi.

A nan kusa da shi kuma akwai Frankel, dokin marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Sau 14 ya shiga sukuwa, sau 14 ya zo na ɗaya. Ya fara barbara a 2013 a kan fam 125,000, da 'ya'yansa suka nuna barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai kuɗin ya kamo na Dubawi.

Shin ko kun san cewa duk dawakin wannan iri, da Turawa ke kira Thoroughbred, salsalarsu ta wajen uba tana tuƙewa ne ga ingarmu uku kacal? Na farko Byerley Turk, wanda wani hafsan soja ya hau a fagen yaƙi wajajen 1690. Na biyu Darley Arabian, da aka saya a Halab ta ƙasar Siriya aka kai Ingila a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya bi ta Tunis da Faransa kafin ya isa Ingila wajen 1729. Binciken jini da aka yi a Ailan a 2001 ya nuna kusan kashi 95 cikin ɗari na ingarmun yau jikokin Darley ne. Sunayen biyu daga cikinsu Sheikh Mohammed ya ɗauka, ya raɗa wa gandunsa Darley, bargar sukuwarsa kuma Godolphin.

Abin da ya ba su wannan daraja littafi ne. Tun 1791 James Weatherby ya fara fitar da kundin nasabar dawaki a Ingila, wane ya haifi wane, daga wace goɗiya, a wace shekara, kuma har gobe zuriyarsa ke riƙe da shi. Dokin da sunan iyayensa ba ya cikin irin wannan kundi, ko iska yake tsere wa, ba ɗan dangi ba ne.

Shin ko kun san ba a yarda a yi wa goɗiyar Thoroughbred allurar maniyyi kamar yadda likitocin dabbobi ke yi wa shanu ba? Dole ingarma ya hau da kansa, in ba haka ba ba za a rubuta ɗan a kundi ba. Wannan doka ita ke riƙe da farashi, domin komai ƙarfin doki akwai iyakar goɗiyoyin da zai iya ɗauka. Duk da haka waɗanda ake rububi sukan haura 200 a shekara, wasu ma in sun gama a Ailan ko Amurka sai a sa su a jirgin sama zuwa Ostireliya su sake wani zagayen. A 2020 hukumar da ke riƙe da kundin Amurka ta ce kada ingarma ya wuce goɗiya 140 a shekara, don gudun kada jini ya zama ɗaya. Manyan gandaye uku suka maka ta a kotu, a 2022 ta janye. A ganina hukumar ce ke da gaskiya, kuɗi ne ya fi ƙarfinta.

Cikin goɗiya wata 11 ne. A arewacin duniya kuwa duk ɗan Thoroughbred ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, ko da a Disamba aka haife shi. Shi ya sa barbara ke buɗewa a tsakiyar Fabrairu, kowa na son duƙushinsa ya faɗo da wuri.

Ba kuma kowa mai kuɗi ake karɓa ba. Mai goɗiya ne ke neman gurbi, masu ingarma su duba nasabarta da abin da ta taɓa haifa, in ba ta yi musu ba su ce ya yi haƙuri. Biya ma iri iri ne. A Amurka an fi yin sharaɗin sai ɗan ya faɗo da rai, ya miƙe, ya kama nono. A Ingila da Ailan sau da yawa 1 ga Oktoba ake duba, in goɗiya na da ciki a biya. Wasu kuma ba sa biyan ko kwabo, sai a sayar da duƙushin a gwanjo a raba kuɗin biyu.

Nan ne maganar ta iso gida. Shin ko kun san malamanmu sun daɗe da tattauna wannan ciniki? Bukhari ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Anas cewa an yi rangwame a kan kyautar da aka bayar ba da sharaɗi ba. Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, sun halatta hayar ingarma zuwa wani lokaci sananne ko adadin hawa sananne, suka hana a ƙulla ciniki a kan sai ta ɗauki ciki, domin wannan gaibu ne. Ashe goro da damin dawar dattijon nan a kan ilimi suke.

Harkar kuwa cike take da gaibu. Northern Dancer, ɗan Kanada, saboda ƙanƙantarsa babu wanda ya taya shi dala 25,000 yana duƙushi, amma a tsakiyar shekarun 1980 an biya har dala miliyan ɗaya don barbararsa. Ɗansa Snaafi Dancer, da aka saya dala miliyan 10.2 a 1983, bai taɓa shiga sukuwa ba. Cigar, wanda ya ci gasa 16 a jere, ya hau goɗiya 34 a 1997 ba wadda ta ɗauka, kamfanin inshora ya biya dala miliyan 25. Into Mischief kuwa an taɓa ba da barbararsa a dala 7,500, daga baya ya kai 250,000. Shi ko Shergar na Aga Khan, 'yan bindiga suka sace shi a Ailan ranar 8 ga Fabrairun 1983, suka nemi fansar fam miliyan 2, har yau ko gawarsa ba a gani ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a sha'anin doki. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke, yana kuma aika dawaki Kwararrafa. Madaki da Shamaki da Ubandawaki duk sarautun doki ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka ɗaukaka ƙwallon dawaki, a Disambar 2024 kuma UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya. Muna da kili da hurde da bidi da danda, muna da ɗan Asbin, dawakin da suka saba da zafin bazara da dogon zango.

Abin da ke damuna shi ne, hankalinmu duk yana kan ingarma, shi ake wa ado, shi ake wa kirari. Goɗiya, wadda rabin jinin nata ne, an bar ta a ƙauye ba mai tambayar uwarta. In mai doki ya rasu, nasabar dokin ta bi shi kabari. Akawal ɗin unguwarmu ya haifi 'ya'ya da yawa a ƙauyukan da ke kewaye da mu, yau ba mai iya nuna jikansa ko ɗaya.

Masu dawaki na Indabo da Wudil, don Allah kowa ya sayi littafi ya ajiye a barga. Duk ranar da aka kawo goɗiya, a rubuta sunan ingarma, da mai goɗiyar, da garinsu, da kwanan wata, in ta haihu a ƙara launin ɗan da ranar da ya faɗo.