Kafin a cike kududdufi a yanka fuloti

Wanda ya san Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa shekara goma da suka wuce, in ya koma yau zai tarar gari ya cika ya tumbatsa. Mafi yawan baƙin ba kasuwa ce ta kawo su ba, mutanen ƙauyuka ne da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Tun sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi a 2021, hankalin kowa ya koma kan tsaro, kuma da gaskiyar mutane. Sai dai akwai wata ɓarna da ke tafiya a hankali, ba ƙarar bindiga balle a waiga: fili ya yi tsada, dillalai kuwa sun sa ido a kan wuraren da kakanni suka bari da gangan.

Kududdufi ne abin ya fi shafa. Matashi na ganin sa rami ne kawai mai tara sauro da leda. Amma daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina unguwar, aka kuma karkata magudanan gidaje zuwa cikinsa, don ruwan Agusta ya sami masauki. Kudancin Katsina, wanda masana tarihi irin su marigayi Yusufu Bala Usman ke kira Katsina Laka, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasarsa kuma tana riƙe ruwa. Shi ya sa masara da auduga ke yin kyau a nan. Shi ya sa kuma in aka cike kududdufi da shara, aka watsa jar ƙasa a kai aka sayar, ruwan zai nemi ɗakin wani. Sau da yawa ɗakin na ɗan gudun hijira ne, wanda ya sayar da 'yar dabbar da ta rage masa ya sayi filin saboda araha. Harsashin da aka ɗora a kan shara ba ya daɗewa bai tsage ba.

Haka burtali. Hanyar shanu ce da aka keɓe don kada dabba ta shiga gona. A yankin da rikicin makiyayi da manomi ya ci rayuka, toshe burtali da bulo ƙarin itace ne a wuta. Ga gefen maƙabarta da ake ci kaɗan-kaɗan, ga filin Idi, ga dandalin da yara ke wasa da dare, ga tsohuwar tsamiya ko kuka da masu talla ke fakewa a ƙarƙashinta.

Manyan birane sun riga sun ɗanɗana. A Kano an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, alhali tun 2007 ganuwar birnin ke cikin jerin wuraren tarihi da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO. An sake gina ƙofar, amma da siminti. Kududdufan cikin birni da dama sun koma gidaje da shaguna, kuma duk damina mazauna wurin sun san abin da ke biyo baya. A birnin Katsina, Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye ana kai baƙi, ganuwar kuwa sai dai a nuna wa yaro guntayenta. Abin da ya ɗauki Kano shekaru masu yawa, ƙaramin gari na iya yin sa a damina biyar.

Ba wai a hana gari girma ba ne; mai iyali dole ya sami wurin kwana. Amma mai niyyar sayen fili ya je ya gan shi da damina, ba da rani ba. Ya tambayi mai unguwa da dattawan wurin: me ke nan a da? Ina ruwa ke bi? Kada ya tsaya ga takardar dillali kaɗai, domin Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa filin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallakarsa.

Su kuma hakimai da dagatai, akwai aikin da ba ya buƙatar kwangila: su zaga da tsofaffin da suka san iyakokin burtali, maƙabarta da kududdufai, a kafa alama, a rubuta, a ajiye kwafi ɗaya a fada, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da yawa cikin tsofaffin nan yanzu suna cikin garin ma, gudun hijira ya kawo su, suna zaune a zaurukan 'yan'uwa.