Zobe ɗaya a jinin sa, a ciyawa, da cikin sabon gidan sauro

 A shirin lafiya na wannan mako mun ɗauko ƙorafin da ake yawan yi da damina: sauro ya sauka a kan sange, ya tashi lafiya lau. To maganin ne babu, ko yaya? Amsar tana cikin wani sinadari da ake kira fairol.

Fairol ɗan zobe ne da ido ba ya gani, mai kusurwa biyar: huɗu na kabon, ɗaya na naitirojin. Bajamushe Runge ya gano shi cikin kwaltar gawayi a 1834, daga baya Anderson na Sikotilan ya tace shi daga man ƙashin dabbobi da aka ƙona. Makiyayi, ka san shi ba tare da ka san sunansa ba. Zobe huɗu ne suka kewaye ƙarfe suka ba jinin sanka launin ja. Huɗu kuma suka kewaye magniziyam suka ba ciyawar da yake ci launin kore.

A 1884 wasu masana biyu, Paal da Knorr, suka nuna yadda ake ƙera zoben a ɗakin bincike. Ana ɗaukar sinadari mai kamar guntuwar igiya, a haɗa shi da ɗan gidan amoniya, a ɗumama. Ruwa ya fita, bakin igiyar biyu su haɗu, zobe ya rufe. Daga nan masu binciken magani sai su riƙa sauya abin da suke ratayawa a jikin zoben, suna gwadawa. Ta wannan hanya ake haɗa atorvastatin, maganin rage kitsen jini, wanda Bruce Roth ya fara haɗawa a Amurka a 1985.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Shekara da shekaru maganin da ke jikin sange iri ɗaya ne, fairetiroid, har sauron ƙasashenmu da yawa ya saba da shi. Sai aka kawo wani ɗan gidan fairol, wanda a jikin leda za ku ga an rubuta chlorfenapyr. Shi ba ya kayar da sauro nan take. Sai ya shiga jikinsa, sinadaran da sauron ke narka guba da su su mayar da shi dafi, ya toshe masa hanyar samun ƙarfi. Mutuwar kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Ka ga ke nan sauron da ya tashi daga sangenka, da ajalinsa ya tashi.

An gwada irin wannan sange, Interceptor G2, a Tanzaniya da Binin, zazzaɓin cizon sauro a tsakanin yara ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da tsohon sange. A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi inda sauro ya gagari tsohon magani.

'Yan kasuwa masu tsallaka gadar Ngeli, ku karanta ledar kafin ku sara, kada ku sayar da tsohon iri da sunan sabo. Iyaye mata, a wanke sange a hankali, a shanya a inuwa.

Sai gargaɗi babba. Ana sayar da wannan sinadari a kwalba don feshin gona. Na kwalba guba ne mai kisa idan aka sha, kuma ba shi da makari. Kada a wanke shanu da shi don kaska, kada a jiƙa sange a ciki, kada a zuba shi a gorar da yara za su ɗauka. Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti ko da bai nuna alama ba, don shi ma a jikin mutum a hankali yake aiki.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.