Dalilin da ya sa kamfanonin Legas ke fama da ƙarancin ƙwararrun tsaron intanet

A kasuwar shanu ta Oko-Oba da shagunan Agege, inda Hausawa suka daɗe suna fatauci, ciniki da yawa ya koma ta wayar salula da na'urar POS. Kowace naira da aka tura tana bi ta cikin manhajojin bankuna, waɗanda masu kutse ke kai wa hari dare da rana. Masu tsare waɗannan hanyoyi su ne ƙwararrun tsaron intanet, kuma samunsu ya zama jan aiki ga kamfanoni.

Buƙatar tasu ta samo tushe daga doka. Tun a 2018 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai. A watan Yunin 2023 kuma aka sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta tilasta wa manyan masu riƙe bayanan jama'a su ɗauki jami'in da zai kula da su. Haka abin yake a sauran duniya: ƙungiyar ISC2 ta ƙiyasta a 2024 cewa ana buƙatar ƙarin ma'aikata kusan miliyan 4.8 a wannan fanni.

Matsala ta farko ita ce albashi. Kafin Yunin 2023 ana canza dala a kan naira 460 ko kusa da haka a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Ƙwararren da zai iya yi wa kamfanin Turai ko Amurka aiki daga ɗakinsa, a biya shi da dala, da ita yake auna duk tayin da aka yi masa a gida. Wasu kuma sun tattara sun bar ƙasar, abin da ake kira "japa". Bankin da ya horar da ma'aikaci na shekaru yakan wayi gari ya ga kujerarsa babu kowa.

Ta biyu ita ce tsadar takardun shaida. Kuɗin jarrabawar CISSP, wadda ake yawan nema ga manyan muƙamai, dala 749 ne, wato sama da naira miliyan ɗaya a canjin dala na 2024. Wannan ya zarce albashin shekara guda na mai karɓar naira 85,000, mafi ƙarancin albashin da Jihar Legas ta amince da shi a 2024. Bugu da ƙari, ba a ba da shaidar sai ga wanda ya yi shekara biyar yana aikin. Wanda ya kashe irin wannan kuɗi dole ya sa ran albashi mai tsoka.

Nan ne sabon shiga ke makalewa. Kamfanoni suna neman gogaggu, amma kaɗan ne ke son ɗaukar mai koyo. Shi kuma matashin da ya ji labarin albashin dala yakan raina matakin farko, alhali sai da rarrafe ake miƙewa.

Ga matasan Agege, Idi-Araba da Mile 12, akwai ƙofofi. Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, ya ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan uku ya ƙunshi tsaron intanet, kuma kyauta ne. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Bayero ta Kano suna ba da digiri a fannin. Kasuwar Computer Village ta Ikeja, wadda ba ta da nisa da Agege, wuri ne da ake koyon gyaran kwamfuta da haɗa na'urori, ginshiƙin da sana'ar ke tsayawa a kai.

Akwai kuma fa'idar harshe. 'Yan damfara sukan kira ɗan kasuwa da harshen da ya fi sakin jiki da shi, su nemi lambar sirrinsa. Ma'aikacin da ke jin Hausa da Yarabanci da Turanci zai iya bibiyar irin wannan ƙorafi tare da wayar da kan abokan ciniki, kuma ya dace ya ambaci hakan a ranar da aka zauna maganar albashinsa.