Rap a fadodin Wadata: wa ke da ikon cewa wannan waƙa ce, waccan hayaniya?

Duk wanda ya zauna shan shayi a wata fada ta unguwar Wadata, nan Yamai, ya san gardamar. Yaro ya kunna sabuwar waƙa a salula, sai wani yayansa ya yamutsa fuska: "Kashe mana wannan, ba rap ba ne." To, mene ne rap ɗin, kuma wa ya naɗa shi alƙali?

Ga masu bin mu daga ƙauye, rap magana ce da ake jerawa da sauri bisa kiɗa. An haife shi a unguwar Bronx ta birnin New York, a Amurka, wajen 1973. Ya kama ƙasa a Nijar cikin shekarun 1990, da ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass-Wong da Kaidan Gaskiya. Suna haɗa Faransanci, Hausa da Zabarmanci, suna taɓo rashin aiki, cin hanci da cutar sida. Dandalin CCOG, kusa da kasuwar Wadata, ya ga cikar matasa a lokacin.

Waɗanda suka tashi a wannan zamani su ne yau ke cewa rap na gaskiya ya mutu. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Da yawa cikin sababbin waƙoƙi na'ura ce ke gyara muryar, kalmomin kuma ba su wuce soyayya da kuɗi ba.

Amma mu ma muna da tuni. Su ɗin nan, a da, iyaye sun kira su ƴan iska masu kwaikwayon Turawa. Yau sun karɓi sandar suna dukan ƙannensu da ita. Abin da ya fi damun mu shi ne, wani lokaci ba waƙar ake aunawa ba, mai ita ake aunawa. In ya yi lakwal yana zuba Faransanci, sai a ce gwani ne. In da Hausar Maraɗi ko ta Damagaram ya yi, kuma ƴan kabu-kabu na son sa, sai a ce na ƙauye ne. Haka aka rage hanya ga mata, duk da Zara Moussa, wato ZM, ta nuna tun farkon shekarun 2000 cewa mace na iya riƙe makirfo.

Ba mu ce duk waƙoƙi ɗaya ne ba. Akwai ma'auni, kuma kakanninmu sun riga mu saninsa tun kan Shata da Ɗan Gurmu: maganar ta hau kiɗan ko tana tuntuɓe? Akwai azanci da habaici? In an cire gangar, saura wani abu da za a riƙe?

Wannan awo ba ya bukatar takardar makaranta. Tsohuwar da ke jin mu a rediyo tana iya yin sa, haka ɗanta da ke Agadas ko Legas, wanda ake tura wa waƙar ta WhatsApp. Sharaɗin kawai a bari ta kai ƙarshe kafin a ce a kashe.