Na'urar da ba ta jin "a yi haƙuri": Sama da shekaru 20 Faransa na gardama kan kyamarar kama masu gudu

Ranar 27 ga watan Oktoba na 2003, ministoci biyu na gwamnatin Faransa, Nicolas Sarkozy na cikin gida da Gilles de Robien na sufuri, suka tsaya a bakin babbar hanya mai lamba 20 a garin La Ville-du-Bois, kudu da birnin Paris, domin ƙaddamar da wani akwatin ƙarfe. Aikin akwatin guda ne: duk motar da ta wuce da gudun da ya zarce ƙa'ida sai ya ɗauki hoton lambarta, bayan ƴan kwanaki takardar tara ta iske mai motar har gida. Shi ne radar na farko mai aiki da kansa a ƙasar, kuma tun ranar ba a daina cacar baki a kansa ba.

A 2002 mutum sama da 7,000 ne suka mutu a hanyoyin Faransa. Shugaba Jacques Chirac, a jawabinsa na 14 ga Yuli na wannan shekara, ya sa kiyaye haɗurra cikin manyan ayyuka uku na mulkinsa. Zuwa 2013 adadin ya sauko zuwa 3,268, wato ƙasa da rabi. Hukumar da ke bin diddigin haɗurra a ƙasar ta ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na raguwar da aka samu tsakanin 2002 da 2005 albarkacin waɗannan na'urori ne. Masu adawa na cewa motoci ma sun ƙara inganci, hanyoyi sun gyaru, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ba a sake motocin ƙasa baki ɗaya cikin shekara uku ba. Abin da ya sake cikin gaggawa shi ne ƙafar direba a kan totur.

Lissafin ba shi da wuya, ina ma ba ɗalibaina shi a aji. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga yaro ya faɗo hanya, ƙwaƙwalwarsa ta ba ƙafarsa umarni, ya riga ya shafe wannan tazara bai ko taɓa birki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake rasa rai da kashi 4 cikin 100.

Amma a ganina babban abin da radar ya canza shi ne ciniki. A da, direban da jandarma ya tsayar yana iya roƙo, ko ya nemi wani babba da ya sani a share masa takardar. Akwati kuwa bai san ɗan wane ba. Hoton yana tafiya kai tsaye wata cibiya a birnin Rennes, a duba rajistar motoci, a fitar da suna da adireshi. Wanda ya ɗara ƙa'ida da ƙasa da kilomita 20 a cikin gari zai biya yuro 135, kusan jaka 88 ke nan na sefa. A bayan gari yuro 68. Ban da kuɗi akwai maki: lasin tuƙi, wato permi, yana da maki 12, ana zaftare su laifi bayan laifi, in sun ƙare an ajiye tuƙi. Mai kuɗi zai iya raina tara, amma maki ba ya sayuwa.

To me ya sa jama'a da yawa suka tsane shi?

Na farko kuɗi. A 2017 abin da radar ya tara ya kai wajen yuro biliyan guda, kuma mafi yawan takardun na ƙananan laifuffuka ne, ba na masu tseren ganganci ba. Mutumin ƙauye da ba shi da jirgin ƙasa ko bas, dole sai da mota zai je aiki, ya fara kallon akwatin a matsayin mai karɓar haraji. Sannan na'urar makauniya ce ga abubuwa da dama. Ba ta jin warin giya a bakin direba, ba ta gane mai gyangyaɗi ko wanda tayarsa ta suɗe. Kuma ba ta tsayar da kowa: mai tuƙin hauka zai ci gaba da haukarsa a daren, takarda sai bayan kwanaki. Daga nan ne muhawarar ta koma kan ƴan sanda da jandarmomi, a ina ya kamata su tsaya, me ya kamata su sa a gaba. Amsar gwamnati ita ce na'ura ta ɗauke masu aikin auna gudu, su kuma su fuskanci masu maye da ƙwaya. Da wannan hujja ce a 2018 ta fara miƙa tuƙin motocin da ke ɗauke da ɓoyayyen radar ga kamfanoni masu zaman kansu, a yankin Normandie. Ga masu zargin neman kuɗi, wannan ƙarin hujja ce aka miƙa masu.

Tura ta kai bango a wannan shekarar. Da yake mace-macen sun daina raguwa bayan 2013, firaminista Édouard Philippe ya rage gudu daga 90 zuwa 80 a hanyoyin karkara tun daga 1 ga Yuli. A watan Nuwamba zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa ta ɓarke kan tsadar mai, fushin kuma ya sauka kan akwatunan: aka ƙona wasu, aka shafe wasu da fenti, aka rufe wasu da leda. A Janairun 2019 ministan cikin gida Christophe Castaner ya ce kusan kashi 60 cikin 100 na radar da ke kafe an lalata su. Gwamnati ta sassauta. Aka ba jihohi damar komawa 90 a wasu hanyoyi, kuma daga 1 ga Janairu na 2024 wanda ya ɗara da ƙasa da kilomita 5 ba a cire masa maki, tara kawai zai biya. Radar dai ba a cire shi ba.

Batun ya riga ya iso yankinmu. Côte d'Ivoire ta fara cin tara ta hanyar kyamara a Abidjan a 2021, saƙon laifin na zuwa a wayar salula, ta kuma kawo lasi mai maki a 2023. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram cikin motar da direbanta ke tsere da agogo zai ce a kawo mana gobe ma. Ni ma haka na fara cewa. Sai na tuna ba akwatin ne kaɗai ya yi aikin a Faransa ba, akwai rajista a bayansa. A nan mota kan wuce hannu uku takardunta na ɗauke da sunan mai ita na farko. Babura nawa ne ke yawo babu lamba? Kyamara za ta ɗauki hoto tsaf, amma wa za a aika wa?

Saboda haka ni dai da za a tambaye ni, a fara da gyaran rajista da lambar wayar mai abin hawa, a kuma bayyana wa jama'a inda kuɗin tara ke tafiya tun kafin a kafa akwati na farko, kada a jira sai an fara ƙona su. Kafin nan akwai abin da ba ya buƙatar sayo komai daga waje, wato inda ake tsayar da jami'i. Makarantar da nake koyarwa tana bakin kwalta. In an tashi, yara sun fi ɗari ke tsallakawa lokaci guda, ƙanana riƙe da rigar manya, mu malamai ne ke fita muna ɗaga wa manyan motoci hannu. Wasu direbobin su tsaya, wasu su danna oda su wuce. Binciken takardu yana da amfaninsa, ban musa ba, amma mota mai cikakkun takardu ma tana take yaro. Rabin awa muke buƙata da safe, rabin awa da rana, jami'i guda cikin kaki a bakin ƙofar.