Mujiya da Yautai da Ragon Maza: Inda Su Ke da Lokacin Ƙwansu

Ba dukan tsuntsun da a ke gani a gunduma ne ɗan ƙasa ba. Wani mazauni ne, wani baƙo ne mai bin damina, wani kuwa matafiyi ne daga Turai. Ya kamata Hakimai da Malamansu su san wannan bambanci, gama da shi ne za a gane waɗanda su ke hayayyafa a ƙasarsu, da lokacin da ya wajaba a kiyaye su.

Mazauna

Farar mujiya ta cikin gari tana ko'ina, tun daga Sakkwato har Barno. Ba ta yin sheƙa. Ta kan zuba ƙwai kamar 4 zuwa 7 a cikin soro, ko tsohuwar rijiya, ko kogon kuka, ta yi kwanci wajen kwana 30. Yawanci bayan ɗaukewar ruwa ta ke yin haka, sa'ad da ɓeraye su ka yawaita.

Babbar mujiya mai launin toka, mai tukkaye biyu kamar kunnuwa, ta fi son duwatsu, ta kan sa ƙwai 2 ko 3 da rani a tsagin dutse ko kogon itace. Akwai kuma mai kamun kifi, amma ita ba ta da yawa, sai a kurmin bakin manyan koguna, kamar kogin Gaji a Yankari.

Ragon maza shi ma mazauni ne. Da damina ya ke gina sheƙarsa mai rumfa a cikin sarƙaƙiya, ya yi renon 'ya'yansa da kansa.

Masu bin damina

Ragon maza yana da dangi waɗanda Turawa su ke kira kuku, domin haka kukan ɗayansu ya ke. Da yawansu su kan hauro daga kudu da faɗuwar ruwa, su koma da kaka. Halinsu abin mamaki ne, watau ba su gina sheƙa, sai macen ta faki idon wata tsuntsuwa ta sa ƙwanta a cikin tata. Ƙaramin kore mai sheƙi ya kan sa nasa a sheƙar kabare. Ɗansa ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 12 ko ƙasa da haka, ya kawar da ƙwai ko 'ya'yan masu gida, su kuwa su yi ta ciyar da shi. Babban mai ɗige-ɗige da tukku ya kan sa nasa a sheƙar hankaka. An tabbatar da wannan a ƙasar Sakkwato, aka buga bayaninsa a 1977.

Yautai mai tuta, wanda namijinsa ya ke da dogon gashi guda a ko wane fiffike, shi ƙwansa ya kan riga ruwa. A ƙarshen rani da bazara ya ke sa ƙwai 1 ko 2 a ƙasa tsirara a dazuzzukan da su ke kudu-kudu, sa'an nan ya yi arewa da damina.

Matafiya daga Turai

Kuku na Turai wucewa kawai ya ke yi. Tun daga binciken da aka fara a Ingila a 2011, inda aka ɗaura wa waɗansu 'yar na'ura, an ga su kan ƙetare Sahara su tafi har kurmin Kwango. Wata ƙaramar mujiya ma ta kan zo daga Turai da hunturu. Duka biyu ba su yin ƙwai a nan.

Abin da a ke bukata

Na farko, ganin tsuntsu ba shaida ce ta hayayyafa ba. Kada Malami ya rubuta cewa tsuntsu yana hayayyafa sai an ga ƙwai, ko 'ya'ya, ko uwa ɗauke da abinci. A rubuta ranar da sunan ƙauyen da irin wurin.

Na biyu, a yi wa talakawa bayani a kan mujiya. Mutane da yawa suna camfa ta, yara kuma suna jifanta. Alhali duk wanda ya fasa curin da ta ke amayarwa a ƙarƙashin makwancinta zai tarar da gashi da ƙasusuwan ɓera da jaɓa. Ɓera shi ne mai ɓarnar rumbu, wani irinsa kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa ta ƙasar Barno a 1969.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su umurci Dagatai da Masu Unguwa su hana kashe mujiya da kwashe 'ya'yanta, su kuma hana sare itatuwa masu kogo ba bisa dalili ba, tun ba da kaka da rani ba. Garin da ya kori mujiya, ɓera ya yi wa shimfiɗa.